Yadda Barau Ya Tsere wa Aikin Hanya

Ku gyara zama ku ji. Labarin nan na gidanmu ne, saboda haka in kun yi dariya mu kuka yi wa, mun kuwa yafe tun kafin ku fara.

A zamanin da Turawa ke mulki, akwai wani ɗan ƙauye gab da Yasore, a ƙasar Batsari, ana ce da shi Unguwar Daudu. A nan kakanmu Barau ya yi zamaninsa. Dogo ne mai faɗin kafaɗa, in ka gan shi sai ka ce shi kaɗai zai nome gandu. Amma jininsa bai haɗu da wahala ba, ƙarfinsa duk a baki yake. An taɓa kama shi ya yi wa wani Bature dakon akwati zuwa Katsina, tun daga ranar babu hirar da za a yi a dandali bai tsoma baki ya ce, "Ai mu da muka zauna da Turawa," ba. Zaman kuwa a bayan dangar bariki ya yi shi, yana jira a sallame su.

Wata shekara bayan kaka, aka aiko wa Mai Gari Sammani cewa za a gyara hanyar mota daga Batsari zuwa Safana, kowane gida ya ba da ƙato ɗaya. Aikin hanya a lokacin ba wasa ba ne. Ka bar gidanka, ka kwana a daji, ka wuni da kwandon marmara a ka, ga dogari a bayanka. A gidanmu kuwa babu ƙato sai Barau.

Barau ya sa rigarsa ta Juma'a, ya tafi zauren Mai Gari, ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, ashe a garinka za a ɗauki zinariya a yi cikon rami da ita?"

Mai Gari ya ce, "Wace zinariya?"

"Ni mana, ranka ya daɗe."

Barau ya san inda ke yi wa Mai Gari ƙaiƙayi. Duk sanda Bature ya sauka barikin Batsari rangadi, kukunsa kan aiko ƙauyuka a kai ganye. A kai kuka, a kai yakuwa, a kai busasshiyar kuɓewa, a dawo da su haɗe da baƙar magana. Sai Barau ya cire hularsa, ya zaro wani ƙullin tsumma, ya kwance. Ga wasu 'yan iri baƙaƙe sirara, kamar karyayyun allurai.

"Wannan daga lambun babban Baturen Katsina na tsinko shi, da hannuna, ta kafar danga. A ƙofar ɗakinsa aka shuka shi, mutum biyu ke ba shi ruwa safe da yamma. Abin da aka ajiye a ƙofar ɗaki ana yi wa wannan hidima, ai ka san shi ne sarkin abincinsu."

Mai Gari ya juya irin da ɗan yatsa, can ya ce, "To, Bature zai zo duba hanya kafin zafi ya shigo. In kukunsa ya karɓi abin lambunka ya kai teburin maigidansa, na cire ka daga aikin hanya. In ya ƙi, ka tafi, ka yi naka ka ƙara da na wani."

"A gaban jama'a ka faɗa, ranka ya daɗe."

"A gaban jama'a na faɗa."

Ƙattin gari suka naɗa gammo suka tafi hanya, Barau ya koma gida yana taku ɗaiɗai. Ya iske matarsa Tasalla tana sussuka, ya tsaya a kanta ya fara ba ta ilimi.

"Ke, Turawa ba sa shuka a ƙasa kamar matsiyata. Dakali suke gina wa shuka, su cika shi da ƙasa, ta hau ta zauna kamar basarake. Na Baturen Katsina iya gwiwa yake. Nawa iya ƙirji zan yi shi."

Mutumin da bai taɓa cika kwando da ƙasa ba, sai ga shi yana buga tubali. Ya ja gini a tsakar gida, dab da murhu. Ya jiƙa makuba, ya daɓe ƙasan ginin kamar ɗakin amarya, ya shafe cikinsa sumul kamar rumbu. Ya ɗebo baƙar ƙasa daga fadama ya cika.

Tasalla ta leƙa ta ce, "Malam, ruwan ta ina zai fita?"

"Fita? Ni na ja shi daga rijiya da gugana don ya fita? Inda na zuba shi nan zai zauna."

Ruwa kuwa ya ji magana, ya zauna. Barau na zubawa safe da yamma, har dakali ya koma kududdufi. Irin da ya shuka ya taso sama yana yawo. Kwaɗin da kowa ya ɗauka sun ɓuya sai damina suka ji labari, suka tare. Agwagin maƙwabta suka riƙa shigowa a jere, ko sallama babu.

Akwai Mani mahauci, taubashin Barau, wanda tun suna yara ba ya ganin Barau ya bar shi ya sha iska. Ya shigo da kwano a hannu.

"Salamu alaikum, Sarkin Ruwa. An ce a nan ake sayar da tarwaɗa."

"Fita min daga gida, mai warin tumbi! Wannan jiƙo ne, haka ake fara shi."

"Wa ke ciwon shawara, kai ko shukar?"

Bai rufe baki ba, bangon da ke kallon murhu ya yi ciki, ya buɗe. Taɓo ya kwararo ya kashe wuta, ya kifar da tukunyar miya, ya ja ƙwaryar gari har bakin ƙofa. Tasalla ta tsaya da muciya a hannu, taɓo iya ƙauri, kwaɗo ɗaya zaune a kan faifanta.

Barau ya dubi ɓarnar, ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla. Yanzu na gane. Ashe ruwa fita yake so ya yi."

"Wa ya gaya maka?" in ji Tasalla.

"Nazari."

Ba a jima ba Tasalla ta tafi suna Wagini. Barau ya tuna ya ga Turawa na shuka a cikin tukwane, jere a baranda. Ya shiga ɗakinta ya fito da tukunyar tuwo, da ta miya, da randar ruwa, da kaskon tuya, har da 'yar tukunyar da ta gada wajen kakarta. Ya kifa su, ya sami ƙusa da dutse, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana huda gindinsu. Ya cika su da ƙasa da taki, ya jera a bakin danga, ya shuka rabin irin da ya rage.

Tasalla ta dawo da ƙishirwa, ta nufi randa da moɗa, ta tarar da randa a waje cike da kashin awaki.

"Innalillahi! Malam, a me zan yi tuwo?"

"Ke dai ba ki da hangen nesa. Matar mai lambun Bature za ki zama. Tukunyar ƙarfe za a ba ki."

"Kafin a ba ni fa?"

"Ki liƙe da ƙullu."

"Wallahi da na san haka ne, da ni na naɗa maka gammon da hannuna, na raka ka har bakin hanya."

Ta yafa zane ta tafi aron tukunya gidan Mani, kafin la'asar kuwa duk garin ya ji. Mata suka riƙa zuwa yi mata jaje kamar an yi mutuwa, kowace ta tsaya ta leƙa gindin randa kafin ta fita.

Amma fa irin ya tsiro. Barau ya riƙa kiran masu wucewa su zo su gani, yana hana su matsowa kada numfashinsu ya taɓa. Kaji ne suka fara, suka hau suka tona. Yana korar kaji, awakin da Mani ke turkewa don yanka suka tsinke, suka shigo. Wata jar akuya ta gutsuri ganyen, ta tauna, ta tsaya cak, ta yi atishawa, ta furzar. Ta juya a fusace ta bangaji randa, randa ta faɗa kan tukunyar tuwo, tukunyar tuwo ta faɗa kan ta miya.

Mani ya zo kama awakinsa, ya ga jar tana goge baki a jikin danga.

"Barau, abin da akuya ta tofar, shi za ka ba Bature?"

"Akuyar ƙauye ce, bakinta bai waye ba. Kamar mai ita."

Iri ya rage ɗan kaɗan a tsumma. Barau ya zauna a kan turmi ya yi tagumi, yana tunanin inda akuya ba ta zuwa, kaza ba ta tona, agwagwa ba ta sauka. Ya ɗaga kai, idonsa ya faɗa kan zauren Mai Gari. Duk garin ɗakunan ciyawa ne, wannan zaure shi kaɗai ne soro, rufin ƙasa a kan azara, shimfiɗe kamar faranti.

Mai Gari ya ce, "A kan soron nawa?"

"Ranka ya daɗe, Bature na ɗaga shukarsa iya gwiwa, kai taka za ta fi kan mahayin doki. Tun daga nesa za a hango kore a kan zaurenka, a ce wane wayayyen mai gari ne wannan? Labari ya kai kunnen Hakimi, daga Hakimi sai Katsina."

Mai Gari ya shafa gemu. Shi ma ɗan Adam ne.

"Ba zai yi nauyi ba?"

"Ganye ne fa, ranka ya daɗe. Ganye na da nauyi?"

Barau ya kafa tsani. Ya riƙa tafiya fadama yana cika kwando, ya ɗora a ka, ya hau, ya juye, ya sauko, ya koma. Ya hau da tubali ya ja dakali biyu dogaye daga wannan kusurwa zuwa waccan. Da ya ga ruwan da yake zubawa na zurarewa ta indararo yana jiƙa masu shiga zaure, ya cusa tsumma ya toshe. Wannan karon bai daɓe ƙasan dakalin ba, tunda ya riga ya yi nazari. Ruwa ya sami hanyar fita, sai dai ƙasa ya nufa.

Mani kan zauna a gindin tsani yana cin gyaɗa.

"Sannu Barau. Kai dai ka huta da aikin hanya."

"Ka gani dai," in ji Barau, gumi na bin gemunsa, tulu a ka. "Wasu na can suna dakon ƙasa."

Abin mamaki, shuka ta kama. Ta sami rana, ta sami taki, babu akuya. Ta yi kore shar, ta yi reshe, sannan ta fitar da wasu furanni rawaya masu tudu, kamar an jera ƙwai a kan soro. Masu zuwa kasuwar Batsari suka riƙa tsayar da jakunansu suna kallo. Barau ya daina amsa sunansa sai an ce Sarkin Lambu.

Ya tsinko ganye da fure cike da hula, ya kai wa Tasalla ta yi miya a tukunyar aro, ya aika a kira Mani don ya kunyata shi. Tun miya na wuta wani wari ya cika gidan, kamar an dafa tazargade da sabulu. Mani ya yanki tuwo, ya dangwala, ya kai baki. Ya rufe ido. Ya daɗe bai buɗe ba.

"Barau, na yafe maka duk abin da ka yi min tun muna yara. Kai ma ka yafe min."

"Raggo! Kawo nan."

Barau ya ja akushi ya yi loma, ya ƙara, hawaye na zuba, yana haɗiyewa da ƙyar.

"Haka yake," in ji shi da shaƙaƙƙiyar murya. "Haka Turawa ke cin sa. Shi ya sa ka ga sun yi ja."

Tasalla ta ce ita dai baƙinta ya ishe ta, ta jiƙa gari ta sha.

Can kuma a zaure, Mai Gari na zaune yana sauraron ƙarar wata gona, ɗigo ya sauka a kan rawaninsa. Ya matsa. Wani ya sauka a gwiwarsa. Ya sa aka kira Barau.

"Barau, zaurena na zufa da rani."

"Sanyin Turai ke nan, ranka ya daɗe. Gidan babban Bature haka yake, ko'ina laima."

"Wannan ƙarar fa da nake ji a sama?"

"Azara ce ke miƙa. Ta daɗe ba ta sha ruwa ba."

Aka kawo ƙore aka tara. Fadawa suka koma zama kusa da ƙofa, kowa da takalminsa a hannu.

Ranar da ake jira ta zo. Bature ya sauka barikin Batsari, ya aiko kukunsa, wani mai suna Usaini, a kan aron doki, da farar riga mai maɓallai da ƙaton kwando. Shi ma a nasa ganin rabin Bature ne. Duk wanda bai tafi hanya ba ya fito, mata suka yi cincirindo a bayan danga. Tun da hantsi Barau ke hawa da tuluna, wai don ganye ya yi ƙyalli a idon baƙo. Ya ba dakalan nan ruwa har suka ƙoshi, ya ƙara musu.

Aka shigar da kuku zaure, aka kawo masa fura. Ya ɗaga ludayi ke nan wani dunƙulen laka ya faɗo cikin ƙwaryar. Ya dubi sama, ya dubi Mai Gari.

Mai Gari ya ce, "Ko mu fita waje, ka ga lambun da kyau?"

Allah ne ya sa suka fita. Barau na tsaye a tsakiyar soro, tsakanin dakalan biyu, ya riƙe ƙugu.

"Jama'ar Unguwar Daudu, ku ɗaga kai! Yau shekara nawa kuna duƙe kuna tonon ƙasa kamar kaji? Ni Barau na ɗauko noma daga ƙasa na kai shi sama! Wanda ya ce ban iya ba, ya fito ya faɗa! Ina Mani?"

"Ga ni, Sarkin Lambu. Kamar kana gajercewa."

Gaskiyar Mani. Barau na magana yana nutsewa. Ya buga ƙafa don ya nuna ƙarfin wurin, azara ta yi wata ƙara kamar an karya rake. Sai rugugum! Soro ya haɗiye Barau, da dakalansa, da tulunansa. Taɓo ya yi tsartuwa ta ƙofar zaure ya wanke farar rigar kuku. Dokin aro ya tsinke ya nufi Yasore.

Aka yi salati, aka ruga. Ga Barau a daidai inda Mai Gari ke zama, ƙasa ta binne shi iya ƙirji, fure ɗaya tsaye a kan hularsa da saiwarsa da komai. Tasalla ta kutsa cikin maza tana kuka, ta shafa kansa, ta shafa kafaɗunsa. Da ta tabbata babu abin da ya karye, ta share hawaye ta ce, "Ku bar shi a nan, ku ba shi ruwa safe da yamma, ko Allah ya sa ya yi 'ya'ya."

Kuku ya tsallako yana kakkaɓe riga, ya tsinki fure ɗaya, ya shinshina.

"Wa ya ce muku ana cin wannan?"

Barau ya tofar da ƙasa ya ce, "A ƙofar babban Bature na gan shi. Mutum biyu ke ba shi ruwa."

"To ai fure ne. Ba a ci. Kallo ake yi."

Jama'a suka dubi juna.

Mai Gari ya ce, "Kallo? Sannan a yi me?"

"Shi ke nan. A kalla."

"A ja ruwa daga rijiya, a zuba taki, a sa ƙatti biyu aiki, don a kalla?"

"Ƙwarai."

Wani tsoho ya ce lalle wannan kuku raina musu hankali yake yi. Mani kuwa ya zauna a ƙasa ya riƙe ciki, yana nuna Barau, yana ta dariya. Da ƙyar ya ce, "Akushi guda ya cinye!"

Kuku ya dubi kwandonsa wayam, ya tuna zai koma wurin maigidansa hannu rabbana, ga riga ta ɓaci, ga doki ya gudu. Ya tsuguna ya tsinci furannin da ba su murƙushe ba, ya yi dami.

"Bari in tafi da waɗannan. Maigidana yana son a zuba su a kwalba a ɗora masa a tebur in zai ci abinci. Ko ba komai ya rage faɗa."

Barau, da ke binne har yanzu, ya zaro hannu ɗaya daga cikin taɓo ya ɗaga sama.

"A tebur! Jama'a kun ji? Ranka ya daɗe, ya karɓa, kuma teburi za shi! A gaban jama'a ka faɗa!"

Mai Gari ya ɗaga kai ya dubi sararin sama ta inda rufinsa yake da safe. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Na faɗa, ba kuwa zan tashi maganata ba. Ba za ka je aikin hanya ba. Zaurena za ka mayar min yadda ka same shi. Kai kaɗai, tunda ƙattin gari suna hanya."

Haka kuwa aka yi. Barau ya kwashe ƙasar da ya hau da ita, kwando kwando, ya mayar fadama. Ya tafi daji neman giginya, ya yi dakon azara. Ya haƙa ƙasar gini, ya kwaɓa, ya buga tubali, ya hau, ya sauko. Masu aikin hanya suka gama, aka sallame su, suka dawo suka huta, wasu har suka yi ƙiba, Barau na kan tsani da kwando a ka, tsakiyar kansa ta zama sanƙo. In sun zo wucewa su ce, "Sannu da hutawa, Sarkin Lambu," sai ya tsaya a kan tsanin, ya dube su a wulaƙance.

"Ku dai ku yi ta dariya. Abincina na kan teburin Bature, ku kuwa me kuka kai masa? Marmara."

Har ya tsufa, in ana lissafin waɗanda suka sha wuyar hanyar Safana, yakan gyara zama ya ce shi dabara ta fisshe shi. Mu jikokinsa kuwa ba mu gaji gona mai yawa ba, ba mu gaji shanu ba, amma ko yau ka shiga gidanmu ka tambaya, za a gaya maka da ƙirji a buɗe cewa kakanmu bai taɓa yi wa Nasara aikin hanya ba.

Nan na sauke muku shi, kowa ya ɗauki rabonsa.